YARON DA KE KALLON ƘURA: Abin Da Masana Suka Gano Game Da Idon Masu Galahanga

AZARE — Duk wanda ya tashi a ƙasar Katagum ba ya bukatar duba kalanda kafin ya san hunturu ya kama. Tun daga ƙarshen watan Nuwamba iska takan juyo daga arewa maso gabas, leɓe ya fara tsagewa, kaushi ya fito a dugadugai, hazo kuma ya rufe gari, har wani lokaci direban da ya taso daga Azare zai nufi Potiskum sai ya kunna fitila da rana tsaka. Matan gida su share ɗaki da safe, amma kafin azahar ana iya rubuta suna da yatsa a bisa akwati. Haka abin yake har cikin Fabrairu ko Maris, daga Madara zuwa Chinade, daga Gamawa zuwa tsohon garin Katagum, inda Malam Zaki ya kafa gadon sarauta a farkon ƙarni na 19, kafin a dawo da shi Azare a 1916.

A irin wannan lokaci, idan hasken rana ya ratso ta hudar kwano ko ta kafar taga ya shiga ɗaki mai duhu, sai a ga ƙananan ƙwayoyin ƙura suna yawo a cikinsa, suna hawa suna sauka. Babba yakan gan su ya wuce abinsa. Yawancin yara sukan kai hannu su kama sau ɗaya ko biyu, sa'an nan su ruga waje wurin wasa. To, amma akwai wani irin yaro wanda shi ba ya wucewa. Zai zauna gaban hasken nan lokaci mai tsawo, yana kaɗa yatsunsa a gefen idonsa, yana bin ƙwayar ƙura ɗaya da kallo. A kira sunansa, ko waiwayowa ba zai yi ba. A ɗauke shi daga wurin, ya fasa kukan da ba a san ranar dainawarsa ba.

Mutanen gida sukan rasa yadda za su fassara wannan hali. Wasu su ce iskokai ne yake gani. Wasu su ce kurma ne, wasu su ce sammu aka yi wa uwarsa tun yana ciki, wasu kuwa su ce iskanci ne kawai, bulala ce maganinsa. Sau da yawa uban yaron yana can Kurmi wurin nema, a Agege ko Sabon Badun ko Anaca, sai dai a buga masa waya a ce ya aiko da kuɗin magani. Ya aiko, a kai yaron wurin wannan, a kai shi wurin wancan, kuɗi su ƙare, yaro yana nan yadda yake. A wasu gidajen har aure yakan mutu a kan haka. Shi ya sa ya kamata masu karatu su ji abin da masana suka gano, game da ita ƙurar da kuma game da shi yaron.

DAGA INA ƘURAR TAKE?

Mafi yawan ƙurar hunturu da ke sauka a Azare baƙuwa ce. Tana tasowa daga wani ƙwari da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Chadi, kimanin kilomita 1,000 daga Azare. Shekaru wajen 7,000 da suka wuce wurin nan ƙarƙashin ruwa yake, lokacin da Tafkin Chadi ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 300,000. Da ruwan ya janye sai ya bar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa jibge a ƙasa, fari fat, mara nauyi kamar garin alli. Iskar da ke matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi takan ƙara ƙarfi kamar ruwan da aka matse a bututu, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Masu bincike sun ƙiyasta a 2006 cewa a ranar da iskar ta tashi sosai cikin hunturu, takan ɗebi ƙura kimanin tan 700,000. Cikin kwana ɗaya ko biyu ta iso Arewacin Nijeriya.

Ragowarta ita ce mazauna Ikko da Fatakwal suke gani a Disamba da Janairu, su ce sanyin gida ya zo gaishe su. Wata kuma ba ta tsayawa sai ta ƙetare teku. Wani binciken hukumar NASA ta Amurka da aka fitar a 2015 ya nuna cewa kimanin tan miliyan 27 na ƙurar Sahara ke sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka kowace shekara, tana zame wa itatuwan can taki.

Me ya sa ba a ganin ƙwayoyin sai a cikin hasken da ya ratso ɗaki mai duhu? Dalili shi ne ƙanƙantarsu. Idan aka raba milimita ɗaya gida dubu, kowane kashi shi ake kira maikiron. Kaurin gashin kan mutum wajen maikiron 70 ne, kuma ido ba ya iya rarrabe abin da ya gaza maikiron 40 ko 50 a hasken yau da kullum. Ƙurar da ta yiwo doguwar tafiya kuwa da yawanta ba ta kai maikiron 10 ba. Amma idan haske mai ƙarfi ya dake ta, kowace ƙwaya takan watsa shi ta ko'ina, duhun da ke bayanta kuma ya fito da ita fili, kamar yadda taurari ke fitowa da dare. Wani masani ɗan ƙasar Ailan, John Tyndall, ya yi nazarin wannan a Landan, har ya gabatar da lacca a kan ƙura da cututtuka a 1870. Tun kafin shi ma, malaman tafsiri sun san abin, domin kalmar Larabci haba'u suna fassara ta da ɗan abin nan da ake gani yana yawo a hasken rana idan ya shigo ta taga.

Wato ke nan abin da yaron nan yake kallo yana nan da gaske, kowa ma yana iya ganinsa. Tambayar ita ce, me ya sa shi ya kasa ɗauke ido?

MENE NE GALAHANGA?

Likitoci suna kiran halin otizim, gidajen rediyon Hausa kuma sun saba ce masa galahanga, ko da yake a bakin jama'a kalmar takan haɗa da wasu larurori dabam. Ɗaya daga cikin likitocin da suka fara bayyana shi filla-filla shi ne Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka, wanda ya rubuta labarin yara 11 a 1943. Shekara guda bayan haka Hans Asperger ya bayyana irinsu a birnin Biyana na Ostiriya. Halitta ce ta yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun yaro yana ciki, kuma takan nuna kanta a wajen magana, da cuɗanya da mutane, da son maimaita abu ɗaya ba gajiya. Wani ba ya magana sam, wani kuma yana iya zama malamin jami'a. An fi ganinsa ga yara maza, wajen uku ko huɗu ga kowace mace ɗaya.

A da an ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Wani mai bincike, Victor Lotter, ya zagaya ƙasashen Afirka shida, har da Nijeriya, ya duba yara 1,312 masu larurar ƙwaƙwalwa, ya sami 9 masu wannan hali, ya buga sakamakon a 1978. Wannan ya nuna cewa akwai shi a Afirka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Idan aka auna da haka, babu wata babbar unguwa a Azare, ko zangon Hausawa a Kurmi, da za a rasa irin yaran nan.

IDO NE KO HANKALI?

A 1983 wasu masana biyu a Landan, Amitta Shah da Uta Frith, suka yi wani gwaji. Aka ba yara hoton wani abu, alal misali keken jarirai, aka ce su nemo wata 'yar siffa mai kusurwa uku da aka ɓoye a cikin zanen. Yara masu galahanga suka fi sauran yara gano ta. Abin ya ba da mamaki, domin an saba jin abubuwan da ba su iyawa ne kawai. Frith ta yi bayani a 1989 cewa ƙwaƙwalwar yawancin mutane tana gaggawar haɗa ƙananan abubuwa ta ba su ma'ana guda. Mutum ya shiga kasuwar Azare, abin da zai gani shi ne kasuwa. Mai galahanga kuwa yana iya fara ganin zaren da ya zare a bakin buhu, da ƙudan da ke kan tire, da hudar da ke jikin rumfa, kafin ya haɗa su su zama kasuwa.

A jami'ar Kambirij ta Ingila aka sake wani gwajin a 2001, inda aka sa yara neman harafi ɗaya da ya bambanta a cikin tarin haruffa masu kama da juna. Nan ma masu galahanga suka fi sauri. Laurent Mottron na birnin Montreal a Kanada ya ce shi a ganinsa wannan ƙarfi ne na ji da gani da aka ƙara musu, bai kamata a lissafa shi cikin naƙasa ba.

Daga nan sai zance ya so ya wuce gona da iri. A 2009 wasu masu bincike a Kambirij suka ba da sanarwar cewa idon masu galahanga ya kusa kai na shaho kaifi. Jaridun duniya suka yi ta yayatawa. Amma masana ido suka duba suka ga an yi kuskure wajen saita na'urar gwajin da tazarar da aka zaunar da mutanen. Da aka maimaita gwajin yadda ya kamata a 2011, sai aka ga kaifin idonsu daidai yake da na kowa. Bugu da ƙari, a 2015 masana a jami'ar Leuven ta Beljiyam suka tattara bincike 56 suka auna, suka ce abin da ya fi tabbata shi ne masu galahanga sukan ɗauki lokaci kafin su haɗa hoto gaba ɗayansa, fifikon da ake cewa suna da shi kan ƙananan abubuwa kuwa ba a kowane gwaji yake fitowa ba, ba kuma ga kowane mutum ba.

Saboda haka idon yaron nan irin na kowa ne. Bambancin yana wajen abin da hankali yake zaɓa. Ƙwaƙwalwa tana da wani aiki irin na rariya, tana tace abin da ido da kunne suka kawo, ta zubar da wanda ta ga ba shi da amfani. Shi ya sa mai shago a bakin tasha ba ya jin ƙarar janareta sai an kashe shi. Ga mutane da yawa masu galahanga, rariyar nan takan bar abubuwa masu yawa su wuce. Ƙura a cikin haske, da juyawar fanka, da walƙiyar ruwa a kwano, duk suna isowa da ƙarfinsu. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da wannan cikin alamomin da ake dubawa a hukumance, har da shagala da kallon haske ko abin da ke motsi.

Su kansu masu halin sun ba da shaida. Donna Williams, 'yar ƙasar Ostareliya, ta bayyana a littafinta na 1992 yadda tana ƙarama take ganin iska cike da ɗige-ɗige, take shagala da su har maganar mutane ta zame mata hayaniya kawai. Ga irin wannan yaro, kallon ƙura hutu ne. Gidan yawa cike yake da kukan jarirai da daka da rediyo, duk suna dukan kunnensa lokaci guda, ƙurar kuwa tana tafiya a hankali, ba ta yi masa tsawa.

DARASI DAGA KARAR SHANU

Fataken shanu da ke lodi daga Arewa zuwa mayankar Oko-Oba a Agege za su fi kowa gane labarin Temple Grandin. An haife ta a Amurka a 1947, ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara uku, amma ta zama farfesar ilmin dabbobi a jami'ar Jihar Kolorado. Kowane mai lodi ya san yadda sa yakan toge a bakin mota, a yi ta duka da murɗa wutsiya ya ƙi gaba. Ita sai ta shiga hanyar da shanun suke bi, ta sunkuya daidai tsayin idonsu, ta ga abin da ke tsorata su: inuwar da ta gitta a ƙasa, sarƙar da ke lilo, rigar da wani ya rataya a shinge, hasken da ke walƙiya a ruwan da ya kwanta. Ma'aikata sun shekara suna wucewa ta wurin ba su lura ba. Da aka kawar da waɗannan, shanu suka riƙa wucewa ba duka. Manyan mayankun Amurka da yawa da tsarinta suke aiki.

A nan gida ma akwai misali. Ranar 2 ga Afrilu, 2025, aka baje wani zane a Abuja wanda Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, yaro mai galahanga ɗan shekara 15, ya yi. Faɗinsa ya haura murabba'in mita 12,000, kuma littafin Guinness ya karɓe shi a matsayin mafi girma da mutum ɗaya ya zana a kan ƙyalle. Sai dai kada a ɗauka kowane mai galahanga yana da wata baiwa a ɓoye. Da yawansu suna bukatar taimako har iyakar rayuwarsu, kuma haƙƙinsu a kan iyaye da jama'a bai dogara ga sai sun nuna bajinta ba.

BA KOWANE MAI KALLON ƘURA BA

Kallon ƙura shi kaɗai ba alamar komai ba ne. Abin da likitoci suke dubawa shi ne haɗuwar alamomi. Yaro ya shekara ɗaya ba ya waiwayowa idan an kira sunansa. Ba ya nuna abu da yatsa don uwarsa ta gani. Ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko kuwa ya fara magana sa'an nan ta ɗauke. Ba ya son haɗa ido, ba ya shiga wasan sa'o'insa, yana jera murafun kwalba ko duwatsu a layi, yana toshe kunne idan an kunna injin markaɗe, yana tayar da hankali idan an sauya masa hanya ko kwano. In an ga da yawa daga cikin waɗannan, matakin farko shi ne a gwada jinsa, domin ƙyanda da sanƙarau sun kurmantar da yara da yawa a Arewa, kuma kurumta tana iya kama da wannan hali.

Har ila yau, ba duk abin da ke yawo a gaban ido ne ƙura ba. Akwai wasu zare-zare ko ɗige-ɗige da mutum yakan gani idan ya kalli farin bango ko sararin sama, suna bin idonsa duk inda ya juya. Waɗannan a cikin ruwan ƙwayar ido suke, kuma yawanci ba su da illa. Amma idan suka ƙaru farat ɗaya, tare da walƙiya ko wani duhu kamar labule a gefen ido, to a garzaya wurin likitan ido a ranar, domin fatar bayan ido ce take iya ɓallewa, jinkiri kuma yana jawo makanta.

Ita ma ƙurar ba abokiyar zama ba ce. Ƙananan ƙwayoyinta suna shiga can cikin huhu, su tayar da asma da tari. Yayyafa ruwa kafin shara, da goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma, suna rage ta a ɗaki.

ABIN DA YA RAGE GA IYAYE

Magana ta farko ga magidanta mazauna Kurmi ita ce su daina ɗora wa matansu laifi. Wani babban bincike da aka fitar a 2019, wanda ya haɗa mutane wajen miliyan 2 a ƙasashe biyar, ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na sanadin halin nan gado ne, gadon kuwa ta wajen uba da ta wajen uwa yake zuwa. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi. Rahoton 1998 da ya haddasa wannan jita-jita a Ingila an janye shi a 2010 bayan an gano maguɗi a cikinsa, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi.

Ta biyu, babu ƙwaya ko jiƙo ko hayaƙin da ke cire galahanga. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai cire shi cikin mako guda, aljihun uban yaro yake hange. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma duka da ɗauri da turaren barkono zalunci ne, kuma suna ƙara wa yaron firgita. Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba irin yaran nan haƙƙin ilmi da kulawar lafiya kamar kowa.

Abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne koyarwa tun da wuri, a hankali, kullum. A yi masa magana gajeriya a fili. A tsara masa rana yadda zai san abin da ke biye da wani. Idan ya zauna kallon ƙurarsa, maimakon a fizge shi, uwa ko yayarsa ta zauna kusa da shi, ta sa hannu cikin hasken, ta ambaci sunan abin, ta jira ya dube ta. Masu koyar da irin yaran nan sun daɗe da gano cewa ta ƙofar abin da yaro yake so ake shiga wurinsa.

A ƙasar Katagum, wurin farawa shi ne sashen yara na babban asibitin tarayya da ke Azare, garin da aka kafa wa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a 2021. Daga can ana iya tura mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri. Wanda iyalinsa ke tare da shi a Kurmi kuwa ya fi kusa da taimako. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana da sashen yara a Oshodi, akwai asibitin Aro a Abekuta, akwai kuma cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa a Jami'ar Badun. Ranar 2 ga Afrilun kowace shekara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2008, ƙungiyoyi sukan shirya tarukan wayar da kai a manyan birane.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Masu shirin zuwa ganin gida a hunturun bana, idan akwai irin yaron nan a gidanku ko a maƙwabta, ku ware kwana ɗaya cikin hutun ku kai shi a duba kunnensa, a kuma ji ta bakin likitan yara. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba iyayensu haƙuri da ladan reno.